LawHub da littafin kurakuraina

Wata biyar na yi ina shirin LSAT, jarrabawar da makarantun koyon aikin lauya a Amurka da Kanada ke nema, kuma cikin duk abin da na kashe wa kuɗi, LawHub ne kaɗai zan sake biya ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Shafi ne na LSAC, hukumar da ke shirya jarrabawar, don haka tambayoyin ciki na gaske ne, waɗanda aka taɓa yi wa ɗalibai a shekarun baya. Akwai 'yan gwaje-gwaje na kyauta, akwai kuma rajistar shekara guda, dala 100 da 'yan kai, wadda ke buɗe maka tulin tsofaffin jarrabawa.

Kafin nan na biya wani kamfani kuɗin darussan bidiyo, ashe kusan rabinsu kan sashen wasannin lissafin hankali ne, wanda aka cire daga jarrabawar tun watan Agusta na 2024. Kuɗi sun tafi, sai haƙuri. Yanzu abin da ake ba maki sashe biyu ne na tantance hujja da ɗaya na fahimtar karatu, sai na huɗu na gwaji da ba a lissafa shi, kuma ba za a faɗa maka wanne ne ba. Kowane sashe minti 35.

Fuskar shafin iri ɗaya ce da ta ranar jarrabawa: agogo na tafiya, ga wurin sa wa tambaya alama, ga abin ja wa jimla layi. Ranar da na zauna ta gaske, hannuna ya riga ya san hanya.

Sai dai shafin ba zai yi maka karatu ba. Wata na farko na riƙa yin gwaji bayan gwaji kamar mai tara lada, makina na tsaye a 152 cikin 180, ko motsi. Da na sauya salo ne abu ya fara kyau. Nakan yi sashe ɗaya da agogo, in sa alama a duk tambayar da zuciyata ba ta kwanta da ita ba, in rufe kwamfuta ban duba amsa ba. Washegari in sake bin masu alamar a natse, babu agogo, sannan in duba. Duk wadda na faɗi sau biyu tana shiga littafi: me na zaɓa, me ya ruɗe ni, me ya sa amsar gaskiya ta fi.

Littafin nan ya tona mini asiri. Kusan kullum wuri ɗaya nake tuntuɓe: ina cakuɗa sharaɗin da dole sai da shi da wanda ya wadatar. A ce duk wanda ya ci jarrabawa ya yi karatu. Wannan bai ce duk wanda ya yi karatu zai ci ba. Da baki abin wasa ne, amma idan saura minti 4 ga tambaya 5 a gabanka, ido rufewa yake. Haka kalmomin "wasu" da "mafi yawa" suka sha kayar da ni.

Kar ka cinye gwaje-gwajen da wuri. Na ajiye guda 6 don makonnin ƙarshe. Na fito da 164. Sashen rubutu daban ake yi a gida, ba a ba shi maki, amma makarantu na karantawa, ni kuwa sai ana saura kwana biyu na tuna da shi.