Garejin da ya gano dalilin atishawar Peugeot 504 a hanyar Gujungu

Duk wanda yake riƙe da tsohuwar Peugeot 504 a karkarar Jigawa ya san cewa bakaniken da ya fahimci kafireta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga injin, yana ƙara wuyar samu, domin yawancin matasan da ke koyon sana'ar a yau sun tashi ne da motocin injekta. Wannan mota, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma aka daɗe ana haɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, har yanzu tana ɗaukar buhunan hatsi zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi da ta Maigatari ranar Alhamis. Saboda haka na ga ya dace in bayyana abin da na gani a wani ƙaramin gareji da ke bakin hanyar Ringim zuwa Gujungu, inda na kai tawa akori-kurar bayan ta fara atishawa ta kafireta duk lokacin da na taka totur, wani sa'in har da ɗan harshen wuta.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai garejin bai taɓa kafiretar ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya nemi sanin ko ƙarar daga gaba take fitowa ko ta salansa, ko da sanyin safiya ta fi yawa, da kuma inda nake sayen mai. Ya bayyana mini cewa fashewar da ke fitowa ta salansa sau da yawa man da bai ƙone ba ne yake kamawa a cikin bututun hayaƙi, ita kuwa wadda ke dawowa ta kafireta tana nuna ɗayan abu uku: iska ta rinjayi mai, ko tartsatsin fulogi yana zuwa ba a kan lokacinsa ba, ko bawul ɗin shigar mai ba ya rufewa sosai. Idan mai ya yi ƙaranci, wutar takan ci a hankali har ta kai lokacin da bawul zai sake buɗewa, sai ta bi ta nan ta kama sabon man da ke shigowa.

Daga ɓangaren wuta ya fara, kuma a ganina wannan ne ya bambanta shi da masu gaggawar kwance kafireta. Ya bi wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya don tabbatar da jerin 1-3-4-2, yana tunasar da yaronsa cewa a injin Peugeot daga wajen giya ake fara ƙidayar silinda, abin da ke rikita waɗanda suka saba da motocin Japan. Ya duba murfin distiributa ko akwai tsagewa, ya daidaita tazarar kontak, wato makunnin da ke buɗewa da rufewa a cikin distiributar, a kan milimita 0.40 da ma'auni maimakon ƙiyasin ido, sannan ya gyara tayimin. Atishawar ta ragu, amma ba ta daina ba.

A nan ne ya koma neman inda iska ke sata. Ya bar injin a silo, ya riƙa fesa ɗan maganin wanke kafireta a gindinta, kuma da feshin ya kai wani gefe sai muryar injin ta sauya nan take, alamar cewa gasket ɗin da ke tsakanin kafireta da manifol, wato bututun da ke kai mai da iska cikin injin, ya mutu. Da ya buɗe kafiretar, wadda ƙirar Solex ce, sai ga jan laka a ƙasan kwanon mai, jet ɗin, wato ɗan ramin da mai ke bi, ya kusa toshewa, robar famfon da ke watsa mai idan an taka totur kuma ta bushe ta tsage. Ƙurar hanyar burji da man galan na bakin titi su ya ɗora wa laifi, ban kuma yi masa musu ba. Da iska ya busa jet ɗin maimakon ya zura masa waya, ya ce, “Alhaji, waya tana faɗaɗa ramin ne, daga nan sai mota ta koma shan mai.” Ya kuma ja kunnena kada in yarda a tayar da injin babu matatar iska, domin ita ce ke tare harshen wutar idan ya dawo.

Wurin yana da nasa rauni. Babu kayan gyara a ajiye, don haka sai da aka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo robar da gasket, motar kuma ta kwana a garejin. Rumfar kwano ce kawai a kan turɓaya, ƙananan sassan kafireta a cikin murfin kwano ake tara su, abin da bai kwanta mini ba ganin irin iskar hunturun yankin. Haka kuma ba a yanke kuɗin aiki tun farko, sai an gama ake ciniki, ko da yake abin da ya karɓa bai kai kuɗin sabuwar kafiretar da wasu suka ce in saya ba.

Tun daga lokacin motar tana amsa totur ba tare da tari ba, ko da cikakken lodi ne. Ya dai ce in dawo da ita da sassafe kafin injin ya ɗau zafi, domin tazarar bawul a sanyaye ake auna ta.