Shawarar StepChange ga mai biyan bashi ta tsarin IVA da amaryarsa ke shirin tarewa

StepChange ƙungiyar agaji ce a Birtaniya da ke ba masu fama da bashi shawara kyauta, ta waya ko ta intanet. An kafa ta a 1993, kuma hedikwatarta tana Leeds. Na tuntuɓe su ne saboda ina tsakiyar biyan bashi a ƙarƙashin yarjejeniyar IVA, wadda dokar 1986 ta tanada a Ingila da Wales, inda mutum ke biyan abin da zai iya kowane wata, yawanci har shekara biyar, sannan a yafe masa ragowar. Ga shi kuma an ɗaura mini aure, amarya na shirin tarewa a gidan da nake haya.

Babbar fargabar maiɗakina ita ce kada masu bin bashi su taɓa albashinta. Ma'aikaciyar da ta amsa wayar ba ta yi kwana-kwana ba: bashin nawa ne ni kaɗai, matuƙar ba mu ci shi tare ba kuma ba ta tsaya mini ba. Sai dai ta ƙara da abin da ban so ji ba, wato dole in sanar da jami'in da ke kula da yarjejeniyar, domin zai sake lissafin kuɗin shiga da na fita. Haya, wuta, gas da cefane za a raba su tsakaninmu gwargwadon abin da kowa ke samu, don haka rarar da ke hannuna na iya ƙaruwa, biyan wata-wata kuma ya ƙaru da ita. Ta tuna mini cewa rangwamen kashi 25 cikin ɗari na harajin kansul (wato harajin gida na ƙaramar hukuma) da ake yi wa mai zama shi kaɗai zai tafi, kuma in tabbata an sa wannan ƙarin cikin sabon lissafin. Kamfanin da ke riƙe da yarjejeniyata bai taɓa ambata mini wannan ba; takardun albashin maiɗakina kawai ya nema.

Inda na fi amfana shi ne batun asusun banki. Aure ko zama gida ɗaya ba ya haɗa tarihin bashin mutum biyu, amma da zarar an buɗe asusun haɗin gwiwa, kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, wato Experian, Equifax da TransUnion, za su danganta sunayen, alhali tabon IVA yana shekara shida a kan tarihin mai shi. Mun bar kowa da asusunsa. Ma'aikaciyar ta kuma gargaɗe ni cewa cin sabon bashi sama da fam 500, ko da na gado da katifa ne, yana buƙatar izinin jami'in, haka ma gudunmawar biki in ta yi kauri sai an bayyana ta. Ga wanda ya saba dangi su damƙa masa ambulan ba tare da kowa ya tambaya ba, wannan sharaɗi yana da nauyi a zuciya.

Hidimar tana da iyaka, kuma su da kansu suka faɗa: tunda ba su ke kula da yarjejeniyata ba, ba za su iya yanke adadin da zan riƙa biya ba. Duk da haka ina ba duk wanda ke cikin irin wannan hali shawarar ya kira su kafin a sa ranar tarewa, da takardar yarjejeniyarsa da lissafin kuɗin gida a gabansa.