Kiɗan Breath of the Wild: yadda kunne ke jan matafiyi a ƙasar Hyrule

Duk wanda ya sayi The Legend of Zelda: Breath of the Wild yana sa ran a raka shi da kakaki da ganguna duk inda ya sa ƙafa, gara ya san tun yanzu cewa shiru ya fi yawa a ciki. Wasan, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar ranar 3 ga Maris, 2017 a kan na'urorin wasan bidiyo na Switch da Wii U, yana tsimin kiɗa sosai, kuma wannan tsimin ne ya sa na keɓe sharhin nan ga sautinsa kaɗai. Na buga shi a Switch har ƙarshe, na kuma ci gaba da yawo a cikinsa bayan labarin ya ƙare. Ban taɓa buga wasan da kiɗansa ya sa na ji a jikina cewa baƙo ne ni a ƙasa mai faɗi, kuma ina so in ga bayan kowane tudu, kamar wannan ba.

Tun daga farko ake nuna maka tsarin. Link, jarumin da kake sarrafawa, ya farka daga barcin shekara 100, ya fito daga kogo, ya ruga bakin gangare. A nan ake sakin kiɗa mai cika kunne na ɗan lokaci, idonka na kan faɗin Hyrule, da dutse mai aman wuta can nesa, da fadar da mugun abu ya mamaye. Sai a ɗauke. Abin da ya saura iska ce, da kukan tsuntsaye, da takun sawunka wanda ke sauya amo gwargwadon abin da ka taka, ciyawa ko dutse ko katako ko dusar ƙanƙara. Can sai fiyano ya ɗigo da sauti uku ko huɗu, ya tsaya, ya bar ka da iskarka, sannan ya sake ɗigowa. Da dare yanayin fiyanon ya sauya, ya ƙara sanyi.

Na san masoya Zelda da yawa da abin bai yi musu daɗi ba, kuma suna da hujja. Tun 1986 da Koji Kondo ya tsara taken wasan farko, an san Zelda da kiɗan jarumta mai zaburar da mutum. A wasan Zelda mai suna Ocarina of Time na 1998, da zarar ka fita filin Hyrule da rana kiɗa ke biye da kai. Amma wancan fili cikin 'yan mintuna ake ƙetare shi. Wannan kuwa sai mutum ya shafe yini yana hawa da gangara bai kai gari ba. Da an ɗora take guda yana ta maimaita kansa, da kunne ya ƙosa tun kafin a bar tudun farko. Hajime Wakai, wanda ya jagoranci aikin sauti, tare da masu tsara kiɗan, Manaka Kataoka da Yasuaki Iwata, sun zaɓi su bar muryar daji ta yi gaba, kiɗa ya biyo baya. Ita Kataoka ta yi aiki a wasannin Animal Crossing kafin nan, kuma a ganina ana jin wannan taushin hannu a fiyanon.

Amfanin shirun shi ne duk lokacin da kiɗa ya taso, akwai abin da yake gaya maka. Kana tafe cikin ruwan sama, abinci ya kusa ƙarewa, makamai sun kakkarye, sai ka tsinkayi wani amo mai laushi daga gefen hagu. Ka juya, ka nufe shi, yana ƙara fitowa, har ka hango rumfar bargar dawaki da wutarta a kunne. Ba taswira ce ta kai ka ba. Kunnenka ne. Haka ma Kass, mawaƙin nan ɗan ƙabilar Rito mai siffar tsuntsu, wanda ke tsayawa a wuraren da ba a zata ba yana jan akodiyan. Sau da yawa nakan ji shi tun ban gan shi ba, a kan wani tsauni ko a bakin teku, in bar abin da na fito yi in bi sautin, domin na san galibi inda yake akwai tsohuwar waƙa mai ɗauke da kacici-kacici, kuma warware shi kan buɗe ɗaya daga cikin wuraren gwaji 120 da ke warwatse a ƙasar.

Hawan doki ma da nasa sirrin. Idan ka saki linzami fiyano ya fara sassarfa daidai da kofato. Mai gaggawa ba zai ji komai bayan wannan ba. Wanda ya daure ya yi doguwar sukuwa bai sauka ba, shi ne zai ji biyolin ya shigo a hankali ta ƙarƙashin fiyanon: da rana waƙar renon gimbiya Zelda, da dare kuma tsohon taken nan na Kondo, an ja shi a tsanake har sai ka kasa kunne kafin ka gane shi. Ranar da na fara gane shi tsigar jikina ta tashi. Taken da ake nema yana nan, an dai ajiye shi ne ga wanda ya yi nisan tafiya.

Sai dodannin sama guda uku, Dinraal da Naydra da Farosh. Ba sa kawo hari da gangan, ratsa sararin sama kawai suke yi a lokutansu. Kafin ka ɗaga kai iska ta sauya, sai wani abin kiɗa na Sin mai tsirkiya biyu da ake kira erhu ya fara kuka, muryarsa kusa da ta goge in gwani ya ja shi a hankali. Ba na jin akwai lokacin da na ji wannan sautin ban tsaya cak ba.

Tsoro ma da fiyano aka gina shi. Na'urorin nan masu ƙafafu da yawa da ake kira Guardian, da zarar idon ɗaya ya sauka a kanka ya ɗora maka jan haske, sai yatsu su rikice a kan fiyano, sama da ƙasa, ba numfashi. Abin kiɗan da ya yi ta lallashinka tun safe shi ne yanzu yake ce maka ka ceci ranka.

Amma inda aikin ya fi burge ni shi ne garin Tarrey, a yankin Akkala. Da farko ba gari ba ne, wani falalen dutse ne a tsakiyar tafki, da magini guda mai suna Hudson yana fasa duwatsu shi kaɗai. Kiɗan wurin a lokacin ɗan siriri ne, kayan kiɗa kaɗan, fili da yawa a tsakaninsu. Hudson zai riƙa aikenka ka kawo itace, ka kuma nemo masa mutane daga ƙabilu daban-daban, da sharaɗin sunan kowa ya ƙare da "son" kamar yadda dokar kamfanin gininsu ta tanada. Ka je ka zo da Greyson ɗan Goron mai fasa dutse, sai ka ji an ƙara muryar ƙaho mai kauri irin ta garinsu. Rhondson tela daga hamadar Gerudo ta iso, amon ƙasarsu ya shigo. Fyson ɗan Rito ya buɗe shago, busa ta ƙaru. Daga ƙarshe dattijo Kapson ɗan Zora ya zo, shi ne ma ya ɗaura auren Hudson da Rhondson. Kowane baƙo da ɗan guntun kiɗan mahaifarsa yake tahowa, a saƙa shi cikin na garin ba tare da an ture na wani ba. Ba wanda ya yi maka bayanin haka a cikin wasan. Kai ne za ka dawo wata rana ka ji waƙar ta cika, ka tuna yadda take lokacin da mutum ɗaya ne a kan dutsen, ka kuma san cewa da ƙafarka ka tattaro kowace murya. Wanda bai taɓa zuwa garuruwan ƙabilun nan huɗu ya ji kiɗansu ba, ba zai gane abin da aka yi masa ba, shi ya sa nake ba da shawarar kada a yi gaggawar wannan aikin.

Sauran garuruwa kowanne da kalarsa. Kakariko da sarewa da kayan kiɗan gargajiyar Japan, ƙauyen Rito kuma da wani tsohon amo daga wasan Zelda mai suna The Wind Waker da aka sassauta shi. Fadar Hyrule ce aka tara wa duk ƙarfin da aka yi ta ɓoyewa: a waje cikakkiyar ƙungiyar makaɗa da takun sojoji, kana shiga ciki sai kiɗan ya koma ogan ba tare da ya yanke ba, taken Ganon, mugun da ya mamaye fadar, da na Zelda da na jarumin suna kokawa da juna. Bayan doguwar tafiya cikin ɗigon fiyano, wannan kiɗa yana dukan ƙirji.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Kiɗan faɗa da ƙananan dodanni bai da yawa, kuma da yake faɗan ba ya ƙarewa, yakan gundure ni, musamman idan ya katse natsuwar tafiya saboda wani ɗan dodo guda da ban ma kula da shi ba. Kiɗan cikin wuraren gwaji kusan iri ɗaya ne daga na farko har na ƙarshe. Wuri 120 ya cancanci fiye da haka. Sannan na'urar da ke hannun Link tana da wata ƙara da take yi idan ka kusanci wurin gwaji, ƙit-ƙit ba ƙaƙƙautawa, tana tsaga duk shirun da aka sha wahalar ginawa. Ana iya kashe ta, kuma ni a kashe nake barinta.

An fitar da kiɗan a faifan CD guda biyar a Japan cikin 2018. Na saurari kiɗan shi kaɗai ba tare da wasan ba, kuma gaskiya ba duka ne ke tsayawa da ƙafarsa ba. Na garuruwa da na fada da na dodannin sama suna da daɗi a ko'ina, har ina sa su lokacin aiki. Na daji kuwa, idan aka cire iska da ruwa da takun sawu, sai ya zama fiyano mai yawan tsayawa kawai, domin an tsara shi ne ya cike gurbin da sautin daji ya bari. Wanda bai buga wasan ba ya fara da faifan, zai iya cewa an zuzuta abin.

Lasifikar jikin Switch ba ta iya ɗaukar wannan aiki. Ƙananan sautuka suna ɓacewa, balle in ana hayaniya a gida ko janareta na ruri a maƙwabta. Sai da na sa abin sauraro a kunnuwa biyu sannan na fara bambance ko akodiyan ɗin Kass daga dama yake zuwa ko daga hagu, wanda kuma shi ne ginshiƙin yadda ake bin sauti a wasan. Ba sai mai tsada ba, matsakaici ma ya wadatar. In son samu ne kuma, a shiga saitin wasan a mayar da allo zuwa yanayin Pro, wanda ke ɓoye ƙaramar taswira da yawancin alamomi. Da na yi haka na rage kallon kusurwar allo, na koma neman barga da gari da Kass ta hanyar kasa kunne, kuma a haka nake buga shi har yanzu.