Abin da na gani bayan aikin leza na hawan jinin ido

Shekara uku na yi ina ɗiga maganin ido mai suna timolol safe da yamma, da latanoprost kafin in kwanta, tun ranar da wani likita a Katsina ya auna idona ya ce ina da gulukoma, wadda muke kira hawan jinin ido. Ɗawainiyar ba ƙarama ba ce, domin kwalba kan ƙare kafin albashi ya shigo, kuma latanoprost yana buƙatar firji kafin a buɗe shi, ga wuta ba ta zama, ga zafin Daura lokacin bazara.

Da aka ba ni shawarar aikin leza mai suna SLT, sai na riƙa ɗari-ɗari, a zatona yanka ido za a yi. Ashe ba wuƙa ba ɗinki. A Kano aka yi mini. Likitar ta ɗiga maganin kashe zafi, ta ce, "Malam, ɗora haɓarka nan," ta manna wani ɗan gilashi a ƙwayar idona, sai na riƙa ganin walƙiyar koren haske tare da ƙara ƙyas-ƙyas. Ko minti goma ba a yi ba aka gama. Idon ya yi ja, ya yi yaji kwana biyu, daga nan ya lafa.

Yadda ta bayyana mini, ruwan cikin ido yana da magudanar da yake fita, idan ta cushe sai matsi ya hau ya riƙa cin jijiyar gani a hankali, kuma wannan magudanar leza ke gyarawa. Matsin lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Nawa ya kai 27 duk da ɗigo, bayan mako shida ya sauko 17, har aka dakatar mini da timolol. Na kuma karanta cewa wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, wanda ya fito a 2019, ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka fara musu da leza sun shekara uku ba ɗigo.

Ƙorafina shi ne, sai bayan na biya kuɗi aka gaya mini cewa ganin gefe da na riga na rasa a idon hagu ba zai dawo ba, kuma ƙarfin aikin yana raguwa da shekaru, har ya kai a maimaita. Da tun farko aka faɗa, da ban tafi da dogon buri ba. Duk da haka ban yi nadama ba, kuma tunda cutar tana bin jini, awon da zan koma watan gobe da ƙannena biyu za mu tafi.