Na gwada FamilySearch, na leƙa gidan Abraham Lincoln a ƙidayar 1860

Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wani abokina ya dage wai Lincoln talaka ne futuk har ranar da ya hau mulkin Amurka, ni kuma na ce bari dai in duba da idona. Sai na shiga FamilySearch, shafin nan na binciken asalin zuri'a da cocin Mormon ke kula da shi. Kyauta ne wallahi, rajista kawai za ka yi da imel.

Na rubuta sunansa, na sa Springfield ta jihar Illinois, shekarar 1860, sai ga hoton ainihin takardar da malamin ƙidaya ya cike da hannunsa. Layi ɗaya tal aka ba shi a tsakiyar maƙwabta kamar kowa: shekara 51, lauya, haifaffen Kentucky, gida da fili na dala 5,000, sauran dukiya dala 12,000. To ina talaucin? Ƙasansa ga matarsa Mary da yara uku, Robert 16, Willie 9, Thomas 7, sai wata 'yar aiki mai shekara 18 da wani yaro ɗan 14. Watanni kaɗan bayan nan, a Nuwamba, mutumin ya ci zaɓe.

Abin da ya ba ni dariya shekarun uwargida ne, an rubuta mata 35 alhali a Disamban 1818 aka haife ta, kun ga 41 ke nan, shekara shida sun yi ɓatan dabo, ko ita ta rage ko malamin ne ya yi mata kara oho.

Sai dai fa sai ka yi haƙuri da rubutun mutanen da, wani harafin kamar kaza ta yi tonon ƙasa, a waya kuwa sai ka yi ta zuƙo hoton kana lumshe ido kuma data na tafiya, da kwamfuta ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Kuma kar ka kafe kan yadda ka san ana rubuta suna, a ƙidayar 1850 Abram aka sa masa ba Abraham ba. Takardar 1860 ɗin ma ba ta ce wannan mata ce wannan ɗa ne ba, sai a 1880 aka fara sa wannan gurbin, kai za ka haɗa da kanka.

Masu son na shugabannin baya-bayan nan ku sani a dokar Amurka sai ƙidaya ta shekara 72 ake sakin sunaye, na 1950 ne na ƙarshe da ya fito a Afrilun 2022. Na 1890 kuwa gobarar 1921 ta lalata kusan duka.

Ni dai na ba shafin tauraro huɗu da rabi. Na tura wa mutumina hoton a WhatsApp, tun jiya ya buɗe bai ce uffan ba.