Buga hotunan tsibiran St Kilda a wani shago na Zoo Road: hannu ya faɗa, amma a kula da takarda

Ga masu sha'awar rayuwar mutanen tsibirai da ta shuɗe, wannan shagon ya iya fitar da tsofaffin hotuna. St Kilda tarin tsibirai ne a yammacin Sikotilan. Ranar 29 ga Agusta 1930 aka kwashe mutum 36 da suka rage, bisa roƙonsu. Tsuntsayen teku da ƙwai ne cimarsu: maza kan sauka gefen dutse da igiya su kamo, a busar a rumbunan dutse, waɗanda yawansu ya haura 1,200 a Hirta kaɗai, mafi girman tsibiran.

Wanda ya fi fitowa shi ne hoton 1886, maza sun jeru a layin ƙauyen inda suke haɗuwa kowace safiya su raba aikin yini, sai ka ce majalisar ƙofar gida a cikin birni.

Sai dai kada ka tura hoton ta WhatsApp kai tsaye. Yana matse shi, gemun dattawan ya dagule. Kawo shi a filashi, mai pixel 3,500 a faɗi in babbar takarda ta A3 kake so. Nemi takarda marar ƙyalli, don mai ƙyallin kan manne wa gilashi da damina. Injinsu kuma yana ɗan surka baƙi da kore, saboda haka a fara gwaji a ƙaramar takarda ta A5.

Firam ɗin katako ne mai kyau, amma ba sa liƙe bayansa sai ka ce a yi. In ka manta, ƙurar hunturu za ta kwanta cikin gilashin.