Debian 12: Tsarin da Ya Fifita Aminci a Kan Sabunta

Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a shekarar 1993, yana cikin tsofaffin tsare-tsaren Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da har yanzu ake kula da su, kuma masu aikin sa-kai ne ke tafiyar da shi, suna zaɓen shugabansu a kowace shekara. Na ɗora fitowa ta 12, mai suna Bookworm, wadda ta fito a watan Yunin 2023, a kan tsohuwar kwamfutata, kuma abin da ya fi faranta mini rai shi ne ta gane na'urar intanet marar waya tun lokacin girkawa, domin tun bayan ƙuri'ar da masu aikin Debian suka kaɗa a 2022 ana haɗa manhajojin na'urori da ba na buɗaɗɗen tushe ba cikin faifan girkawa.

Gyare-gyaren tsaro suna zuwa a kan kari ta hanyar apt, wato manhajar girkawa da sabunta manhajoji, ba tare da sun lalata wani abu ba. Aibinsa ɗaya ne: da yake ana daskarar da manhajoji, wato a daina shigo da sabbin zubinsu, kafin kowace fitowa, wasunsu sukan tsufa kafin shekara biyu ta zagayo a yi sabuwar fitowa. Mai buƙatar sabbin kayan zane zai ƙosa, amma ga mai kula da sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ina ba da shawararsa da zuciya ɗaya.